Wa Ya Ce Duhunmu Zai Ceci Duniya?

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a tarukan sauyin yanayi, har wasu 'yan bokonmu sun haddace ta: wai duk ƙasa mai tasowa da arzikinta ya bunƙasa, jama'arta suka ƙara shan wutar lantarki, hayaƙin kabon ɗinta zai ƙaru, don haka kada a ba ta kuɗin gina tashar wuta mai aiki da iskar gas, ta tsaya ga hasken rana da iska. A kan wannan tunani Bankin Zuba Jari na Turai ya yanke shawara a 2019 cewa zai daina ba da rancen ayyukan mai da gas, kuma a taron Glasgow na 2021 Amurka da Birtaniya da Kanada da wasu ƙasashe suka yi alkawarin janye kuɗin gwamnatocinsu daga irin waɗannan ayyuka a ƙetare. Wannan ra'ayi zalunci ne, kuma lissafinsa ma bai fita ba.

Afirka gaba ɗayanta, mai mutum fiye da biliyan ɗaya, ba ta fitar da sama da kashi 4 cikin 100 na kabon ɗin duniya. Abin da ɗan Najeriya ɗaya ke fitarwa a shekara bai kai tan ɗaya ba, na Ba'amurke kuwa ya haura tan 13. Babban layin wutar Najeriya yana ba da megawat 4,000 zuwa 5,000 ne kacal ga mutum sama da miliyan 200. Wannan ita ce ƙasar da ake yi wa wa'azin ta yi hattara da wuta.

Babban kuskuren masu wannan ra'ayi shi ne suna ƙirga hayaƙin tashar wutar da za a gina, ba sa ƙirga hayaƙin da rashinta ke jawowa. Idan an ɗauke wuta a Kano ko Sakkwato, mai walda ba ya rufe shago ya tafi gida. Haka mai niƙa, haka tela, haka mai sayar da ƙanƙara, haka asibitin da ke tsakiyar tiyata. Kowa janareta zai tayar. Ƙaramin injin da ke shan fetur ko dizal kuwa ya fi babbar tashar gas fitar da kabon a kan wuta iri ɗaya, ga tsada, ga ƙara, ga hayaƙin da kan kashe iyali guda a dare ɗaya idan an kwana da injin a cikin gida. Duk wanda ya ga watan Oktoban 2024, lokacin da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna jihohin Arewa suka shafe kwanaki cikin duhu, ya san abin da ya ƙaru a tituna: layi a gidan mai da rurin janareta. Hayaƙi bai ragu ba ko kaɗan.

A shiga madafa kuma a gani. Matar da ba ta da gas, ba ta da wuta, itace za ta hura ko gawayi. Manyan motocin gawayin da muke gani a hanya dazuzzuka ne suke tafiya a buhu, a yankin da hamada ke matsowa kowace shekara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hayaƙin cikin gida yana kashe kimanin mutum miliyan 3 duk shekara a duniya. Huhun iyayenmu mata ne ke biyan wannan kuɗi, kuma babu wanda ke sa shi a lissafi.

Da yaƙin Rasha da Yukren ya ɓarke a 2022, sai aka ga gaskiyar kowa. Jamus ta sake tayar da tashoshin kwal da ta jingine, ta gina tashar sauke gas a Wilhelmshaven cikin 'yan watanni, shugaban gwamnatinta na lokacin, Olaf Scholz, ya je har Senegal neman gas. Ashe gas ɗin Afirka halal ne idan zai dumama gidajen Turai, haram ne idan zai kunna masaƙa a Kaduna?

Gaskiya ne cewa hayaƙin Sin da Indiya ya ƙaru da suka bunƙasa, amma da kwal suka tashi, gas kuwa kusan rabin kabon ɗin kwal yake fitarwa. Mu muna da ruwa a Kainji da Jebba da Shiroro da Zungeru, muna da rana mai yawa. Sola alheri ce, tana tayar da rijiyoyin burtsatse da famfunan noman rani, a ƙara ta ko'ina. Sai dai masana'antun Sharaɗa da Bompai da Chalawa wuta suke so dare da rana, batirin da zai riƙe su kuwa har yanzu ya fi ƙarfin aljihunmu.

Shugabanninmu ma ba su da bakin ɗora wa Turawa laifin duka. Tun 1984 doka ta hana ƙona gas a banza ba tare da izini ba, amma har gobe wutarsa na ci a Neja Delta, hayaƙin da bai haska gidan kowa ba. Madatsar ruwa ta Mambila ta kwashe shekaru da dama a takarda. Bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, da aka ƙaddamar a 2020, an sha ɗaga ranar kammala shi.

Ina kira ga wakilanmu da ke zuwa waɗannan taruka da su daina sunkuyar da kai kamar masu laifi. Su nemi kuɗin gas da na madatsun ruwa da na sola gaba ɗaya, su ƙi sa hannu a duk sharaɗin da zai bar mu da janareta da gawayi. Idan sun dawo gida kuma, su kashe wutar da ke ci a banza a Neja Delta, su kai gas ɗin tashoshin wuta da madafan jama'a.