Alƙalin Wucin Gadi, Hukunci Mai Ɗorewa



Alƙali ɗan Adam ne, yana rashin lafiya, yana tafiya, yana ritaya, amma shari'ar aure da gado ba ta jiran kowa. Saboda haka dole a samu mai riƙe kujera kafin a naɗa na dindindin. Tambayar ita ce: wa ya cancanta?

A ganina, sharaɗin mai riƙo bai kamata ya gaza na wanda ya gada ba ko da ƙwayar zarra. Malaman Malikiyya, kamar yadda ya zo a Mukhtasar na Khalil, sun shardanta wa alƙali adalci da basira da ilimi, ba su ce a sassauta don kwanakinsa kaɗan ne ba.

Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya bi wannan hanya a Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta jiha. Sashe na 276 ya ce ba a naɗa Kadi sai ya riƙe shaidar cancanta na tsawon shekara 10, tare da sanin shari'ar Musulunci. Idan kujerar Grand Kadi ta zama babu kowa, Gwamna zai ɗora Kadin da ya fi daɗewa, kuma riƙon ya ƙare bayan wata 3, sai in Majalisar Shari'a ta Ƙasa ta ba da shawarar tsawaitawa. A jihar Kalifoniya ta Amurka ma, lauyan da zai zauna alƙalin wucin gadi ana neman ya yi shekara 10 yana aiki, kuma sai masu shari'ar sun yarda da shi.

Wani zai ce, ai wata 3 ne kawai. Ya ɗan uwa, wata 3 kusan tsawon iddar mace ne. A cikinsa ana iya raba aure, matar ta gama idda ta auri wani, a raba gonar marayu, a ɗauke yaro daga hannun uwarsa. Mai riƙo zai sauka, hukuncinsa kuwa ya zauna a gidajen mutane shekara da shekaru.

Don haka ina kira ga hukumomin shari'a na jihohi su riƙe wannan ma'auni har a ƙananan kotuna, inda talakawa suke kai kukansu. Kada a cike gurbi da sanayya.

Allah Ya ba mu alƙalai masu tsoronSa. Wallahu a'alam.