Ranar tashi ta masu fita ƙasashen waje da keke

Malam Edita,

A taimaka mini da ɗan fili kan labaran masu doguwar tafiya da keke. Jaridunmu kan nuna ranar isowarsu, ana ta murna da ɗaukar hoto, amma ba kasafai suke faɗin yadda mutum da kekensa suka bar gida suka ƙetare iyaka ba. A nan ne kuwa wahalar take farawa.

Ranar 14 ga Yulin 2017 wasu Musulmi takwas 'yan Birtaniya suka tashi daga Masallacin Gabashin Landan a kan kekuna, da niyyar isa Madina kafin aikin Hajji, suna kuma tara gudummawa ga mutanen Siriya. Ba su yi nisa ba teku ta sha gabansu. A Newhaven suka tura kekunan cikin jirgin ruwa zuwa Dieppe ta Faransa, tafiyar kamar sa'a huɗu. Wannan da sauƙi, domin a jirgin ruwa keke kan shiga da ƙafafunsa, a jingine shi gefe a ɗaure da igiya. Amma da suka ratsa Turai har Girka, yaƙin Siriya ya toshe hanyar ƙasa, dole suka hau jirgin sama zuwa Masar.

Shi kuwa jirgin sama sai an yi wa keke fiɗa yake ɗaukarsa. Matafiyi zai nemo babban kwali daga masu sayar da sababbin kekuna, ya cire ƙafar gaba, ya sauke sirdi, ya karkatar da kan keken ya kwanta a jikin ƙarfensa, ya rage iskar tayoyi. Sai ya zo kan feda, inda sabon shiga ke shan gumi: ta hagu zarenta a juye yake, duk wanda ya murɗa ta yadda ya saba ƙara ɗaure ta yake yi, har sifana ta cinye bakin ƙarfen. Giyar baya ma sai an kwance ta an naɗe da tsumma, don in aka jefa kwalin ta lanƙwashe, mutum ya sauka a baƙuwar ƙasa da keken da ba ya hawa tudu.

Bayan haka sai ma'auni. Yawancin kamfanoni kilo 23 suke ba kowace jaka, wasu su lissafa keken cikin kaya, wasu su caji kuɗi daban, wasu ma sai an sanar da su tun lokacin sayen tikiti. Mai keken lantarki kuwa ya haƙura, domin batirin da ya haura awon 160 Wh ba ya shiga jirgin fasinja, kuma na yawancin irin waɗannan kekuna ya fi haka nesa ba kusa ba.

Wanda ya bi ta ƙasa ya huta da kwali, amma takardu na jiransa. Mamadou Safayou Barry, matashin nan ɗan Gini da ya nufi Jami'ar Azhar a 2023, ya ratsa Mali, Burkina Faso, Togo, Benin da Nijar har Cadi, kusan kilomita 4,000. Sau uku aka tsare shi, biyu a Burkina, ɗaya a Togo. A Cadi ne masu taimako suka haɗa masa kuɗin jirgi zuwa Alƙahira, don tsohuwar hanyar alhazai ta Sudan, wadda kakanninmu suka bi da ƙafa, yaƙi ya rufe ta tun Afrilun shekarar. Allah Ya saka wa waɗanda suka tallafa masa da alheri.

Yanzu ga matasanmu suna ganin irin waɗannan labarai suna ɗaura niyya, alhali Nijar, Mali da Burkina sun fice daga ECOWAS a Janairun 2025, Saudiyya kuma ba ta barin kowa ya yi Hajji ba tare da izini ba, ko da a kan keke ya zo. Don Allah, Malam Edita, duk lokacin da wakilinku zai tattauna da irin waɗannan matafiya, ya tambaye su fasfo da biza da katin rigakafin shawara, da nawa suka biya kafin keken ya ƙetare, ku buga wa masu niyya su karanta tun suna gida.

Wassalam.

Mai karatunku,
daga Zariya