Makomar kiɗan amada bayan Barmani Choge

A watan Fabrairun 2025 mawaƙiyar Amurka Beyoncé ta lashe kyautar Grammy ta kundin waƙoƙin kantiri, wato kiɗan mutanen karkarar Amurka, da kundinta mai suna Cowboy Carter. Ita ce baƙar fata ta farko da ta samu wannan kyauta, watanni kaɗan bayan ƙungiyar masu kiɗan kantiri ta CMA ba ta sanya sunanta cikin 'yan takara ko da a rukuni ɗaya ba.

Tun a 2015 wani mai bai wa gidajen rediyo shawara, Keith Hill, ya ce a rage sanya waƙoƙin mata idan ana son masu sauraro. Wato dai a can, mata na kokawa ne a buɗe musu ƙofa.

A ƙasar Hausa kuwa, mata sun daɗe da nasu fagen, sai dai yana neman kuɓuce musu.

Amada kiɗa ne na cikin gida. Ana kifa ƙwarya, wasu a kan ruwa, mata su kaɗa, mata su yi amshi, mata su yi liƙi. Daga birnin Kano har garuruwan karkara irin su Tarai a ƙaramar hukumar Kibiya, kiɗan ƙwarya ya kasance abokin biki da suna, kuma a nan mace ke faɗin abin da ba za ta faɗa a zaure ba.

Uwaliya Mai Amada ta Kano ce ta fara fito da shi fili. Bayanta Sa'adatu Ahmad, wadda aka fi sani da Barmani Choge, ta kai shi rediyo da talabijin da kaset. Ta yi waƙa kan kishi da haihuwa, ta kuma matsa wa mata lamba su kama sana'a, cikin lafazin da wasu malamai ke ganin ya wuce gona da iri. Ta rasu a Funtua a watan Maris na 2013, kuma har yau ba a samu wadda ta kai matsayinta ba.

Ba wai an rasa muryoyin mata ba ne. Finafinan Hausa sun fito da su Fati Nijar, 'yar asalin Maradi, da Maryam A. Baba Sangandale. Amma fiyano ya maye gurbin ƙwarya, kuma a situdiyo galibi namiji ne mai kayan aiki, shi ne mai tsara baiti, mace ta zo ta hau waƙar soyayya da muryarta.

A wuraren biki ma, mai na'urar sauti ya fi ayarin makaɗa araha. Yarinyar da a da za ta koyi amshi a gefen kakarta, yanzu a wayar salula take jin waƙa.