Gyara Kayanka Ba Ya Zama Sauke Mu Raba

Takardar dokokin dara da ake rabawa a gasar matasa ta lokacin hutu tana da kurakurai, kuma ina so a gyara ta kafin ta sake raba abokai. Shafi biyu ce kawai, an fassaro ta daga Faransanci cikin gaggawa, an yi ta buga ta a fotokwafi har wasu baƙaƙe sun goge. Duk da haka ita alƙalin wasa ke ɗagawa in gardama ta tashi, kuma da ita ake yanke wanda zai tafi gida da kyauta.

Ku duba doka ta farko. Ta ce gurabe talatin ne, layi biyar na shida-shida, kuma kowane ɗan wasa yana da ƴaƴa goma sha biyar. To, don Allah, sha biyar da sha biyar nawa ke nan? Talatin. Gurabe sun cika maƙil, ina za a gusa? Ko yaron da ke kallon tsofaffi a kasuwar Afala ya san sha biyu-sha biyu ne, mai tsinke da mai dutse, a bar gurabe shida na motsi. Wanga kuskure ba ya cutarwa sosai don kowa na ganin shi, amma ya nuna cewa wanda ya rubuta takardar bai taɓa zama ya gwada ta a ƙasa ba.

Masu cutarwar su ne wuraren da takardar ta yi shiru. Ta ce wanda ya jera uku ya ci ɗa guda. Ba ta ce jeri a karkace ba ya ci ba. Ba ta hana jera uku tun lokacin dasa ƴaƴa ba. Ba ta faɗi hukuncin huɗu a layi ɗaya ba: haramun ne ɗungum, ko ana iya yi amma ba ci? In motsi guda ya rufe layi biyu, ɗa ɗaya za a ɗauka ko biyu? Ana iya cire ɗa daga cikin ukun da abokin wasa ya riga ya jera? A gasar bara na ga an yanke wagga tambaya ta ƙarshe iri biyu a yini guda, da safe an yarda, da marece an hana. Yaron da anka fidda da marece ya biya kuɗin mota daga ƙauyensu, ya koma yana cewa ƴan birni sun yi mishi maguɗi, kuma bana bai zo ba.

Na ji masu cewa dara ba ta buƙatar takarda, kakanninmu sun yi ta ba alƙalami. Gaskiya ne, amma su a gindin icce guda suke yi, ƴan gari guda, kuma in an yi saɓani akwai dattijo kusa da zai ce "ba haka ake yi ba", magana ta ƙare. Gasa kuwa tana haɗa ɗan Afala da ɗan Barmu, ɗan Kalfu da ɗan Bambay, kowa da yadda ya tarar ana yi a garinsu, kuma ba wanda ya yi ƙarya cikinsu. Tunda mun tara su wuri guda munka sa kyauta a tsakiya, dole a faɗa musu tun farko ta wane gari za a bi.

Wasu kuma na cewa gyara zai kunyata kwamitin shirya gasa. Haba! A nan Tawa anka fara kokawar takobin ƙasa a 1975, kuma kokawar da ta fito daga dandalin ƙauye sai da anka sa mata alƙalai da lokaci da gargaɗi kafin jihohi su yarda da hukunci guda. Dokokin ƙwallon ƙafa an rubuta su a Ingila tun 1863, har yau ana yi musu kwaskwarima. Wasan Dungeons & Dragons da ya fito a Amurka a 1974, wanda duk cikin littafi dokokinsa suke, masu shi suna fidda takardar gyara su ce shafi kaza mun yi kure. Ba wanda ya raina su don haka.

Abin da nike nema ba shi da tsada. A zauna da tsofaffin ƴan dara na garuruwan da ke zuwa gasa, a bi tambayoyin nan ɗaya bayan ɗaya, a tsai da magana. A rubuta da Hausa kai tsaye, a zana gurabe, a nuna jerin da ke ci da wanda ba ya ci. A ba mutum biyu da ba su san wasan ba su gwada da takardar kaɗai. Duk inda sunka tsaya suna tambaya, nan gyara yake. A sa kwanan wata a ƙasa don a bambanta sabuwa da tsohuwa, a karanta ta da ƙarfi kafin a fara, kuma kada alƙali ya taɓa ta sai gasa ta ƙare.

Wagga takarda ta gasa ce kaɗai, kowane gari ya ci gaba da darar shi yadda ya gada. Ƴan kwamiti, hutu ya kusa. In kun kira zaman, ni zan riƙe alƙalami.