Wa ya gano wa?

Duk sanda na ji ɗalibi ya ce wai wani Ba'amurke ne ya gano Mdou Moctar, sai raina ya ɓaci. Abin da ke ɓata mini rai yana cikin wasalin ƙarshe na kalmar nan "gano".

Mu masu karatun ilimin harshe mun san aikin wannan -o. Saya ya koma sayo, ɗauka ya koma ɗauko, fita ya koma fito: an yi aikin a can, ya nufo wurin mai magana. To wanda ya ce an gano Mdou, a ina yake tsaye? A Amurka yake tsaye, yana hango Nijar. Kai kuwa ɗan uwa kana zaune a Maraɗi, ka ari bakin wani kana ci masa albasa.

Ga yadda abin ya faru. Mahamadou Souleymane, shi ne Mdou, Buzu ne daga jihar Tawa, bahago, wanda ya haɗa gitarsa ta farko da wayar birkin keke. A 2008 ya tafi Sakkwato ya ɗauki waƙoƙin Anar. Saurari Anar da kunnen basira: harshen Tamajak ne, amma gangar kwamfuta da muryar nan da na'ura ta lanƙwasa, duk irin na waƙoƙin finafinan Hausa ne. Waƙoƙin ba su jira kamfani ba, daga waya zuwa waya suka bi ta Bluetooth da katin memori har ƙasar Mali. Can Christopher Kirkley ya ji su, ya sa "Tahoultine" cikin tarin Music from Saharan Cellphones a 2011, ƙarƙashin kamfaninsa Sahel Sounds na birnin Portland. Shekara uku ke nan mutanenmu suna rawa da abin kafin a "gano" shi.

Kada a ce ina zagin Kirkley. Ya nemi mawaƙin har ya same shi, ya sake fitar da Anar a faifai a 2014 da sunan mai shi. Haka Mikey Coltun, mai kaɗa gitar bas a ƙungiyar, wanda ya haɗa sautin Afrique Victime (2021) da Funeral for Justice (2024) da kamfanin Matador ya fitar. Ya yi aikinsa, an rubuta sunansa, daidai ne. Bombino na Agadas ma, ko'ina an san Dan Auerbach na ƙungiyar Black Keys ne ya haɗa masa Nomad a 2013.

To wanda ya zauna gaban kwamfuta a Sakkwato fa? Shi ya zaɓi bugun ganga, shi ya daidaita muryar har ta zama abin da ya kama kunnen baƙo. In ana ba da labarin, sai ka ji an ce "wani sutudiyo a Sakkwato", a wuce. Wani. Mun yi nazarin wannan kalma a aji, kalma ce ta wanda ba a damu a san ko wane ne ba. Furodusan Amurka yana da suna da tarihi, kowane faifai yana ɗaga darajar na gaba. Namu kuwa "mai sutudiyo" ne kawai, kamar mai shayi, a biya shi kuɗin zama ɗaya a tashi.

Kuma wallahi laifin nan ba daga Portland ya zo ba. Je ka rumfar mai cajin waya ranar kasuwa a garinmu Sae Sabuwa, ka ce a zuba maka waƙoƙi a kati. Za ka koma gida da ɗaruruwa, rabinsu lamba ce kawai maimakon suna. Ko mawaƙin ba a rubuta ba, balle wanda ya haɗa masa kiɗa. Na sani wasu mawaƙan Hausa suna kiran sunan mai kiɗansu a farkon waƙa, madalla da su. Amma nan ne daidai muke yankewa in za mu ɗora ta a status na WhatsApp.

Akwai kuma raini. Ɗaliban da ke yatsina fuska in an sa waƙar fim, suna cewa muryar inji ce, kiɗan ƙauyawa ne, su ne yau ke tinƙaho da Mdou don jaridun Turai sun kira shi gwanin rock. Ai da wannan muryar injin ya fara fita duniya, malam.

Muna da ofishin haƙƙin mallaka na BNDA a Yamai, amma ofishi ba ya iya kare sunan da mu masu saurare muka goge. Mu da ke buga wannan ɗan littafi ba ma yarda a yi fotokofin rubutunmu a cire sunanmu. Saboda haka ga shawarata ga ƙungiya: daga fitowa ta gaba, duk wanda ya yi sharhin waƙa ya kawo sunan wanda ya haɗa kiɗan da garin da aka ɗauke ta, ko da sai ya buga wa mawaƙin waya. In bai kawo ba, a mayar masa da takardarsa.