Kafin Mu Ce a Haɗa Fanka Dairek

'Yan uwa, da mota ta fara zafi sai mu ce wa bakanike ya haɗa fanka dairek. Rufe ciwo ke nan. Sau da yawa sansar zafin ruwa ce ta lalace, tana gaya wa ƙwaƙwalwar mota injin da sanyi. Sai shan mai ya ƙaru, hayaƙi ya yi baƙi, fanka ta ƙi tashi. Mu sa a duba soket, a auna sansar da mita: wajen om 2,500 a digiri 20, kusan 300 a digiri 80. In ba ta sauka ba, a canza ta bayan injin ya huce. Man da muke ƙonawa ya fi ta tsada.