Baƙin hayaƙi ba shi ne ƙarfin mota ba

 A wannan makon gareji za mu leƙa, domin wani abu da ya faru a gidanmu lokacin dogon hutu ya sa mun koma mun kakkaɓe littafin fiziks ɗinmu na sakandare.

Kawunmu yana da wata tsohuwar mota 'yar Kwatano mai shan gas, wato dizal, injinta kuma mai turbo ne. Da ita yake kai albasa kasuwa, da ita ake cefane, da ita ake biyan kuɗin makarantar yaransa. A hankali motar ta fara nauyi. In ta ɗauki lodi ta zo hawa, ko ya taka totur har ƙasa sai ta riƙa jan ciki. Wani matashi a gareji ya ce masa, "Alhaji, wannan ai aikin minti goma ne." Ya buɗe bonet, ya murɗa wani ɗan noti a jikin famfon mai domin ya riƙa tura gas fiye da da. Nan take mota ta farka. Muna tsaye muna ta murna ganin yadda take zabura, baƙin hayaƙi na tashi a bayanta.

Ba ta cika wata guda ba ta tsaya a tsakiyar hanya da lodi, ruwan lagireto na tafasa. Gasket ya ƙone, fistin ɗaya ya lalace. Da wani dattijon makanike ya sauke injin, sai ya kira mu ya nuna mana matatar iska da ƙura ta toshe, da wani tiyo da ya tsage yana zubar da iskar da turbo ke turawa. Ya ce, "Samari, ku duba nan. Wannan motar ba yunwar mai take ji ba, numfashi ta rasa." Kuɗin gyaran ya cinye kuɗin makarantar yaran na zango guda. Garin neman ƙiba aka samo rama.

To, me dattijon yake nufi? Injin fetur yana dogara da tartsatsin fulogi kafin mai ya kama. Injin dizal ba ya buƙatar tartsatsi. Fistin ne ke matse iska zalla a cikin silinda har ta koma kusan kashi 1 cikin 20 na girmanta, matsin ya sa zafinta ya haura digiri 500 a ma'aunin Salshiyos. Daga nan sai nozul ya fesa mai, man ya kama da wuta da kansa, ya tura fistin ƙasa. Wani injiniya Bajamushe, Rudolf Diesel, ya yi rajistar wannan dabara a 1893, injinsa kuma ya fara aiki yadda ya kamata a 1897.

Sai dai mai ba ya ci sai da iskar oksijin. Giram 1 na dizal yana buƙatar kimanin giram 14.5 na iska kafin ya ƙone tas. A aikace ma injin yana son iska fiye da haka, saboda man ba ya samun isasshen lokacin gauraya da ita. Duk wanda ya taɓa hura wuta ya san wannan: in aka cunkushe murhu da itace ba a bar wa iska hanya ba, hayaƙi ne zai cika gida. Baƙin hayaƙin da muka yi ta yi wa tafi, man da kawu ya saya ne da kuɗinsa yake fita ta salansa bai gama ƙonewa ba.

Aikin turbo shi ne ƙara wa injin iska. Wani ɗan Suwizalan, Alfred Büchi, ya yi rajistarsa a 1905. Farfela biyu ce a jikin sanda ɗaya. Hayaƙin da ke fita daga injin yana juya ta farko, ita kuma ta juya ta biyu, wadda ke cusa iska cikin silinda. Takan juya fiye da sau 100,000 a minti ɗaya. Matsin iskar da muke shaƙa kimanin ba 1 ne a ma'aunin matsi. In turbo ya ƙara wani ba 1 a kai, iskar da ke shiga silinda takan kusa ninkawa, sai a samu damar ƙona ƙarin mai ba tare da hayaƙi ba. Ƙananan motocin dizal sun fara fitowa da turbo ne a ƙarshen shekarun 1970: Mercedes-Benz 300SD a 1978, sai Peugeot 604 a 1979.

Ga inda dokar Charles da kuke haddacewa take shigowa. Iska in ta yi zafi takan buɗe, sai oksijin ɗin da ke cikin kowace lita ya ragu. Digiri 10 daidai yake da kelbin 283, digiri 40 kuma kelbin 313 ne. Ku raba 283 da 313, za ku samu kusan 0.9. Ke nan motar da aka saba tuƙawa cikin sanyin Turai, in ta zo Sakkwato ko Maraɗi a watan Afrilu, iskar da take zuƙa ta ragu da kusan kashi 10 cikin 100, ga kuma ƙurar hunturu da ta bari a matata. Shi ma turbon in ya matse iska ƙara mata zafi yake yi. Shi ya sa ake sa wata na'ura mai kama da lagireto tsakaninsa da injin, ana kiranta intakula, domin ta sanyaya iskar kafin ta shiga.

Idan aka ƙara mai iska ba ta ƙaru ba, man yakan ci gaba da ci har lokacin da ya kamata a ce ya gama, zafin hayaƙi ya yi ta hauhawa. Yawancin fistin da gaurayen alminiyam ake yin su. Alminiyam yana narkewa a digiri 660, kuma tun kafin ya kai nan yake fara laushi. Baƙin mai da ruwan lagireto ne ke kwashe zafin, in ya fi ƙarfinsu kuwa sai injin ya buga.

Wannan ba ya nufin ba a iya ƙara wa tsohon injin ƙarfi. Ana iyawa, amma da tsari. Da farko a dawo da ƙarfin da ya ɓata. A auna matsin kowace silinda, a canza matatar iska da ta mai, a duba tiyo-tiyon turbo ko suna yoyo, a gwada nozul, a daidaita lokacin fesa mai, a wanke lagireto, a yi juye. Sau da yawa a nan maganar take ƙarewa, domin motar takan koma yadda take a da. Ta kawunmu matata da tiyo kawai take nema.

Bayan haka a waiwayi iska. A tabbatar salansa ba ta toshe ba, a sa intakula in babu, ko a sa wadda ta fi girma. Akwai wata 'yar ƙofa a jikin turbo da ke sakin hayaƙi ta gefe idan matsi ya kai iyaka. Gwani yana iya daidaita ta matsin ya ɗan ƙaru, amma in aka toshe ta gaba ɗaya turbon zai yi gudun da ya fi ƙarfinsa.

Sai a mataki na uku ake taɓa mai, kaɗan-kaɗan, ido na kan agogo biyu: na matsin turbo da na zafin hayaƙi. Tsofaffin injuna na shekarun 1980 a jikin famfo ake daidaita su da hannu. Da yawa daga cikin waɗanda suka biyo baya suna da ƙwaƙwalwa, da kwamfuta ake sauya musu lissafin mai. Ko ta wace hanya aka bi, da zarar hayaƙi ya yi baƙi an wuce gona da iri.

Mu dubi yadda masu ƙera motar da kansu suke yi. Injin Volkswagen mai suna 1.9 TDI ya fito a farkon shekarun 1990 da ƙarfin doki 90, kowane doki kusan kashi 3 cikin 4 na kilowat. Daga baya kamfanin ya fitar da mai doki 110, da 130, har da 150, duk a girman lita 1.9. Kafin su kai nan sai da suka sauya turbo, suka sauya nozul da tsarin fesa mai, suka ƙarfafa sassan da za su ɗauki nauyin.

Wannan ya kawo mu mataki na ƙarshe, wanda matasa suka fi mantawa da shi: sauran jikin motar. Kuloci da giya an yi su ne daidai da ƙarfin asali. Birki da taya kuwa rai ne a hannunsu. Kun san ƙarfin motsi yana tafiya ne da gudu sau gudu. Motar da ta tashi daga kilomita 80 a awa zuwa 120, aikin da ke kan birkinta ya ninka sau 2.25. Ku ɗora wannan a kan tsofaffin tayoyi da lodin albasa.

Shi kansa hayaƙin ba a bayan mota yake tsayawa ba. A 2012 cibiyar binciken cutar kansa da ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya hayaƙin dizal cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansa. Masu shaƙarsa su ne yara 'yan talla a bakin titi, da ku da kuke takawa zuwa makaranta.

Mun san da yawanku kuna wucewa gareji koyon sana'a in an tashi daga makaranta. Ku riƙe duka biyun da kyau, domin makaniken da ya san dalilin abu shi ake layi a wurinsa. Amma kada wani ya karanta wannan ya je ya buɗe motar baba. Man da nozul ke fesawa yana fita da matsin da zai iya huda fatar hannu, ba a kusantarsa sai a gaban oga.

Ga aikin gida. Turbo ya tura iska mai zafin digiri 120, intakula ta sanyaya ta zuwa digiri 60, matsi bai canza ba. Da kashi nawa cikin 100 iskar da ke shiga kowace silinda ta ƙaru? Ku fara mayar da digirin zuwa kelbin. Ku aiko mana da amsa tare da sunan makarantarku, za mu warware lissafin tare a mako mai zuwa.